Abin da Ƙasa Ta Ɓoye: Tambayoyi da Amsoshi Kan Tone-tonen Tarihi

Duk sanda aka ce an tono wani tsohon abu a Masar ko Sin ko nan gida, tambayoyin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne. Wasu daga ɗalibai suke fitowa, wasu daga manoman da garmarsu ta taɓa tono abin da ba su gane ba, wasu kuma daga waɗanda aka turo wa hoto a WhatsApp suna son jin ko gaskiya ne. Ga waɗanda suka fi maimaituwa.

Mene ne binciken kufai, kuma me ya raba shi da tarihin da muka sani?

Kufai shi ne wurin da mutane suka taɓa zama suka tashi. Binciken kufai, wanda a jami'a ake kira akiyoloji, shi ne sanin rayuwar mutanen da ta hanyar abin da suka bari: tsingaron tukwane, toka, ƙasusuwa, dutsen niƙa, kashin maƙera, tushen gini, kabari. Masanin tarihi yana dogara da rubutu da abin da aka ji a bakin tsofaffi. Amma rubutu bai fi shekara 5,000 da 'yan kai a duniya ba, kuma inda ake da shi ma yawanci labarin sarakuna da yaƙe-yaƙe ne. Wanda ke son sanin abin da matar talaka ta dafa, ko da wane irin gatari mijinta ya sare itace, sai ya tambayi ƙasa.

Ta yaya suke sanin inda za su tona?

Sau da yawa ba su ne ke fara ganowa ba. A watan Maris na 1974 wasu manoma a kusa da birnin Shi'an na ƙasar Sin suna haƙa rijiya saboda fari, sai suka ci karo da kan mutum na gasasshen yumɓu. Daga nan aka tono rundunar sojojin yumɓu, kimanin 8,000, da aka binne kusa da kabarin sarkin da ya fara haɗa kan ƙasar Sin, wanda ya mutu shekara 210 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Tsofaffin naɗaɗɗun takardun da aka samu a kogunan Kumran, gefen Tekun Gishiri, makiyaya Larabawan ƙauye ne suka fara tsintar su wajen 1947. Kogon Lasko na Faransa, mai zanen dabbobi na shekara kusan 17,000, samari huɗu ne suka faɗa cikinsa a 1940. Tagullar Igbo-Ukwu, a jihar Anambra, kuwa mai gida ne ya tono ta a bayan ɗakinsa yana haƙa ramin tara ruwa. Mai haƙa rijiya da makiyayi sun yi wa wannan ilimi hidimar da ba kasafai ake yaba musu ba, kuma za ka sake cin karo da su a amsar da ta shafi Sahara.

In masana ne suka fita nema da kansu, alamu suke bi. Tudu a tsakiyar fili inda babu dalilin tudu, tsingaro barbaje a gona bayan ruwan sama ya wanke ƙasa, ragowar ganuwa, ko kukoki da suka taru wuri guda a daji, domin kuka takan nuna inda gari ya taɓa zama. Yanzu an ƙara da na'urori. Akwai wadda ake ɗorawa a jirgin sama tana harba haske ta tsakanin ganyen itatuwa tana auna doron ƙasa. Da ita aka sanar a 2018 cewa an gano gine-gine sama da 60,000 na mutanen Maya a ƙarƙashin kurmin Gwatamala.

Yaya za a ce abu ya shekara 8,000 alhali ba wanda ya rubuta ranar?

Hanya ta farko kowa ya santa ko da bai lura ba. Ka je tsohuwar bolar unguwa ka yanka ta daga sama zuwa ƙasa: a sama za ka ga ledar ruwa da katin waya, ƙasa da su gwangwani da kwanon samira, can ƙasa kuma sai tsingaro da toka zalla. Abin da ke ƙasa ya riga na sama zuwa, muddin ba a taɓa birkita wurin ba. Wannan yana nuna wane ne gaba da wane, amma ba ya ba da adadin shekaru.

Adadin yana fitowa ne daga awon kabon-14, wanda Ba'amurke Willard Libby ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1940, ya kuma samu kyautar Nobel a kai a 1960. Duk abu mai rai, tsiro ko dabba ko mutum, yana ɗaukar wani nau'in sinadarin kabon daga iska da abinci muddin yana raye. Da zarar ya mutu ɗauka ta tsaya, abin da ke jikinsa ya fara raguwa da ƙa'ida: rabinsa yana tafiya cikin shekara 5,730, rabin abin da ya rage kuma cikin wasu 5,730. In aka auna saura, sai a lissafa yaushe mutuwar ta auku. Ana yin wannan da gawayi, ƙashi, itace, fata, ko ƙwayar gero ɗaya tak da ta ƙone. Ba ya aiki a kan dutse ko ƙarfe, kuma bayan shekara kamar 50,000 abin da ya rage ya yi kaɗan da aunawa. Tukunya tana da nata awon daban, wanda ke nuna lokacin da wuta ta taɓa ta na ƙarshe.

Wannan awo ba ya kuskure?

Yana iya yi, kuma masu yin sa sun fi kowa sanin inda yake tuntuɓe. Shi ya sa ba sa ba da shekara ɗaya, sai dai su ce tsakanin kaza da kaza. Misali, a 2015 Jami'ar Birmingham ta sanar da sakamakon awon wasu warƙoƙin Alƙur'ani da ke ajiye a ɗakin karatunta: tsakanin shekarar 568 da 645 Miladiyya, da tabbacin kusan kashi 95 cikin ɗari. Amma a lura, abin da aka auna shi ne lokacin da dabbar da aka yi amfani da fatarta ta mutu. Ranar da alƙalami ya hau fatar wata magana ce, ko da yake a al'ada ba a daɗewa tsakani.

Haka nan in mutum ya hura wuta da kututturen da ya shekara 300 a tsaye, gawayin zai nuna shekarun itacen. Don haka ake fifita ƙwayar hatsi, wadda shekara ɗaya ce rayuwarta. Ana kuma gyara lissafin da zoben shekaru da ke cikin gangar itatuwa, waɗanda ake iya ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya. Sakamako guda daga wuri guda ba hujja ba ce mai ƙarfi. In goma suka zo suka yi daidai da jerin ƙasar da aka same su, to magana ta zauna.

Me ya sa suke tono da ɗan cokalin magina da buroshi, kamar ba sa son aikin ya ƙare?

Domin tono ɓarna ne da ba ya gyaruwa. Wurin da aka tona sau ɗaya ba ya sake tonuwa, saboda haka duk abin da ba a auna, aka zana, aka ɗauki hotonsa ba, ya tafi ke nan. Kuma rabin labarin kowane abu yana cikin inda aka same shi. Tukunya a kan teburin dillali tukunya ce kawai. Tukunyar nan a gefen murhu, da ƙonannen gero a cikinta da gawayi a ƙarƙashinta, tana faɗa maka abin da aka ci, da yadda aka dafa, da shekarar da aka dafa.

An koyi wannan darasi da tsada. Bajamushe Heinrich Schliemann, da ya je neman birnin Taroy a Turkiyya a shekarun 1870, ya tsaga tudun da wani ƙaton rami don ya yi saurin kai wa ƙasa, ya rushe yawancin ginin zamanin da shi kansa yake nema. Gwada shi da gawar da masu hawan dutse biyu suka gani cikin ƙanƙara a kan iyakar Italiya da Ostiriya a 1991, wadda ake kira Otzi. Ko da yake an ɗan ji mata rauni wajen ciro ta, an koma an tattara komai na wurin. Yau an san mutumin ya rayu shekara kusan 5,300 da suka wuce, yana da gatarin jan ƙarfe, da zane 61 a fatarsa, an san naman da ya ci na ƙarshe, kuma bayan shekara goma da gano shi hoton asibiti ya nuna kan kibiya a kafaɗarsa ta hagu. Ashe kashe shi aka yi. Masana a Sin ma har yau sun ƙi buɗe ainihin kabarin sarkinsu, bayan sun ga yadda fentin sojojin yumɓu ke ɓarewa jim kaɗan da shan iska.

Gaskiya dai ba zinariya suke nema ba?

Wannan zargi yana da asali. A 1834 wani Ba'italiye mai suna Ferlini ya rushe kawunan dalar sarakunan Marawi a Sudan, wato gine-ginen dutse masu tsini da ke kan kaburburansu, yana neman dukiya, ya kuwa samu kayan adon wata sarauniya ya kai Turai ya sayar. Wanda ya je wurin yau zai ga dalar a guntule. Kuma zinariya takan fito: kabarin Tutankamun, wani sarkin tsohuwar Masar, da Howard Carter ya gano a watan Nuwamba na 1922 yana ɗauke da kaya sama da 5,000, har da akwatin gawa na zinariya tsantsa.

Sai dai irin wannan sa'a ba ta cika zuwa ba, kuma yawancin masu wannan aiki za su yi ritaya ba su taɓa tono ko ɗan kunne ba. Abin da ya fi faranta musu rai shi ne juji. Ni kaina a duk abin da aka tono a Iraƙi ba wanda ya fi burge ni kamar wani ɗan allon yumɓu daga birnin Ur, na wajen shekara 3,750 da suka wuce. Wasiƙa ce wani ya aika wa ɗan kasuwa mai suna Ea-nasir yana ƙorafin an ba shi jan ƙarfe maras kyau, an kuma wulaƙanta ɗan aikensa. Wanda ya taɓa yin sautu aka kawo masa abin da ba shi ya biya ba, ya san zafin da mutumin nan ke ji.

Wa ya gina dalar Masar? Wasu na cewa aljanu ne, wasu na cewa halittun wata duniya.

Misirawa ne, kuma an san unguwar da suka kwana. Babbar dalar Giza, ta sarki Kufu, an gina ta shekara kusan 4,500 da suka wuce. Tsayinta na asali ya kai mita 146, da duwatsu kimanin miliyan 2.3. A kudu da ita an tono garin ma'aikata da gidajen gasa burodi da tulin ƙasusuwan shanu da tumaki da suka ci. A 1990 aka gano maƙabartarsu, kuma ƙasusuwan suna nuna bayan da ɗaukar kaya ya lanƙwasa, da karaya da aka yi wa ɗori ta warke.

Hujja mafi ƙarfi ta zo a 2013, lokacin da masana ƙarƙashin Bafaranshe Pierre Tallet suka samu takardun gargajiya a Wadi al-Jarf, bakin Bahar Maliya. A ciki akwai littafin aikin wani shugaban ma'aikata mai suna Merer, yana rubuta kwana-kwana yadda shi da mutanensa ke lodin farin dutse a Tura suna kai shi Giza cikin jirgin ruwa. Kuma ana ganin yadda magina suka koyi aikin a hankali, domin akwai dalar da aka fara da gangare mai tsanani, aka ga za ta ba da matsala aka karya kusurwar a tsakiya. Tana nan a Dahshur a karkace. A ganina, yawan jingina irin waɗannan gine-gine ga wasu halittu raini ne a ɓoye. Haka Turawan mulkin mallaka suka yi ta musun cewa baƙar fata ne suka gina ganuwar dutse ta Babbar Zimbabuwe, sai da tonon 1905 da na 1929 suka tabbatar su ɗin ne suka gina ta. Af, kuma Sudan ta fi Masar yawan dala, tana da sama da 200, ko da yake ƙanana ne.

Gawar da ake nunawa a bidiyo ana cewa ta Fir'aunan Annabi Musa (AS) ce, ita ce?

Gawar da aka fi yaɗawa ta Ramsis na Biyu ce. Ba a bakin teku aka tsince ta ba kamar yadda ake rubutawa a ƙarƙashin bidiyon. A 1881 aka fitar da ita daga wani ɓoyayyen rami a Dairul Bahari, kusa da Luksor, inda limaman tsohuwar Masar suka tara gawarwakin sarakuna don tsoron ɓarayin kabari. Ta ɗansa Marnafta kuwa an same ta a 1898. Dukansu an yi musu irin haɗin da Misirawa ke yi wa gawar sarki: a cire kayan ciki, a busar da jiki da wani gishiri mai kama da kanwa, a naɗe da lilin. A 1976 an kai Ramsis Faris don a kashe wani funfuna da ke cin sa, kuma tun 2021 yana wani sabon gidan tarihi a Fusɗaɗ, cikin Alƙahira.

Alƙur'ani bai ambaci sunan Fir'aunan ba, ita ma gawar ba ta zo da rubutun da ya danganta ta da Annabi Musa (AS) ba. Masu bincike sun rabu: wasu sun karkata ga Ramsis, wasu ga ɗansa, wasu ga sarakunan da suka gabace su. Wanda ya ce maka masana sun yanke hukunci ya faɗi abin da ba su faɗa ba.

Da gaske ne duk wanda ya buɗe kabarin Tutankamun ya mutu?

Attajirin da ya ɗauki nauyin aikin, Lord Carnarvon, ya mutu a watan Afrilu na 1923 bayan cizon sauro a kumatunsa ya rikiɗe ya zama ciwo. Jaridu suka samu abin sayarwa. Carter, wanda ya fasa ƙofar da hannunsa ya kuma shafe kusan shekara goma yana kwashe kayan, sai 1939 ya mutu yana da shekara 64.

Hotunan ƙasusuwan ƙattai da ake cewa Adawa ne fa?

Wanda ya fi yawo, mai nuna mutum da shebur a gefen ƙwarangwal da ya ninka shi sau da yawa, an haɗa shi ne a wata gasar sarrafa hotuna da kwamfuta a 2002. Asalin hoton na wurin tonon wata dabba ce dangin giwa a jihar New York. Yau da ƙirƙirarriyar basira ta shigo, irinsu sun ƙaru. Ka tambayi abu uku: a wane gari aka tono, wace jami'a ko hukuma ta yi aikin, kuma a wane gidan tarihi aka ajiye. In babu amsa, ka bar shi a wayarka.

Wanda ke son abin gani da ido a ƙasar Larabawa, akwai Mada'in Salih, wato Al-Hijr, a arewacin Madina. Akwai kaburbura sama da 100 da aka sassaƙa a jikin duwatsu, kuma rubutun da ke kan ƙofofinsu na Nabaɗawa ne, mutanen da suka gina Batra ta Jodan, wajen shekara 2,000 da suka wuce. Shi ne wuri na farko a Saudiyya da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya, a 2008.

Yaya aka iya karanta rubutun da masu shi suka ƙare tuntuni?

Sau da yawa sai an yi dace da rubutu ɗaya cikin harsuna biyu. A 1799 sojojin Faransa suka tono wani dutse a garin Rashid na Masar, ɗauke da sanarwar sarauta guda cikin rubutu iri uku, na ƙarshensu Girkanci, wanda malamai suka iya. Duk da haka sai 1822 wani masani Bafaranshe mai suna Champollion ya warware shi. Ya fara da sunayen sarakuna, waɗanda ake zagayewa da wani zobe, sannan sanin harshen Ƙibɗawa, jikan tsohon harshen Masar, ya taimake shi.

Inda babu irin wannan mabuɗi, ƙofa takan zauna a rufe. Rubutun mutanen kwarin Indus a Pakistan da Indiya har yau ba a karanta shi ba. Na Marawi a Sudan ya fi ban takaici: tun wajen 1911 aka san sautin haruffansa, ana iya furta kalmomin, amma ma'anar yawancinsu ta gagara. Kamar yaron da ya iya haɗa baƙi da wasali sarai, amma bai san fassarar abin da yake karantawa ba.

Wai Sahara ta taɓa zama kore?

Ƙwarai. Tsakanin shekara kamar 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce damina tana kaiwa can arewa, akwai tafkuna da ciyawa inda yau sai rairayi. A shekarar 2000 ayarin Paul Sereno, da ke neman ƙasusuwan manyan dabbobin da suka ƙare a hamadar Tenere ta Nijar, ya faɗa kan maƙabarta a Gobero mai kaburbura kusan 200. Tare da mutanen akwai ƙugiyoyin kamun kifi na ƙashi, da ƙasusuwan giwan ruwa, da dorina, da kada. A wani kabari an samu mace da yara biyu suna fuskantar juna, hannuwansu a sarƙe, kuma ƙurar furanni da aka samu a ƙarƙashinsu ta sa ake jin a kan furanni aka kwantar da su. A Dabus, arewa da Agadas, akwai raƙuman dawa biyu da aka sassaƙa a jikin dutse, babban ya haura mita biyar.

Tafkin Chadi a lokacin ya fi faɗin murabba'in kilomita 300,000. Wannan ne ya sa abin da ya faru a Dufuna, ƙaramar hukumar Fune ta jihar Yobe, bai zama abin mamaki ga masana ba, ko da yake ya girgiza su. A 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya don shanunsa, da ya kai zurfin kamar mita biyar sai ya bugi wani baƙin itace mai tauri. Bai fasa shi ya yi makamashi ba, ya kai rahoto. Masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt suka zo suka tono kwalekwale mai tsayin mita 8.4, an fafe shi daga gangar maɗaci, bakinsa da gindinsa a feƙe da kyau irin na wanda ya gaji sana'ar. Awon kabon-14 da muka yi bayani a sama ya ba shi shekara 8,000 da ɗoriya. Shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka samu a Afirka, kuma yana cikin uku mafi tsufa a duniya. Yana Damaturu.

Su wane ne mutanen Nok?

Nok sunan ƙauye ne a kudancin Kaduna inda masu haƙar kuza suka fara tono kawunan gasasshen yumɓu a 1928. Sunan da mutanen suka kira kansu ya tafi da su. A 1943 aka kai wa wani masani Bature, Bernard Fagg, wani kai daga yankin Jama'a, wanda wani ma'aikacin ma'adinai ya kafa a gonar doyarsa yana korar tsuntsaye da shi. Fagg ya lura ya yi kama da na Nok, da idanu masu kusurwa uku da huda a tsakiya, da kitso iri-iri. Shi ne daga baya ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952.

Binciken da Jami'ar Frankfurt ta fara a 2005 ya nuna sun fara zama a yankin wajen shekara 3,500 da suka wuce, sun yi noman gero da wake, daga baya suka shiga narka tama. Murhun Taruga, kusa da Abuja, yana cikin tsofaffin da aka sani a yammacin Afirka. A 2021 an ba da rahoton samun alamar kakin zuma a jikin tukwanensu. Abin baƙin cikin shi ne yawancin wuraren da masanan suka isa, sun tarar masu haƙar sata sun riga su, an bar ramuka kamar gidan gara. Dubi amsar da ta yi bayanin buroshi don ganin abin da aka yi asara.

A ƙasar Hausa kanta an tono wani abu?

An tono, ko da yake abin da ba a taɓa ba ya fi yawa nesa ba kusa ba. A gindin Dutsen Dala an samu murhun narka tama da awo ya kai shi wajen ƙarni na 7 Miladiyya, wato an daɗe ana ƙira a Kano kafin zamanin Bagauda. A Durɓi ta Kusheyi, kusa da Mani a jihar Katsina, akwai tuddan kaburburan manya; wani Baturen mulkin mallaka mai suna Palmer ya tona wasu a 1907, aka sake tona wasu a 1992. An samu kayan ado na zinariya, da wuri, da duwatsun wuya, da tasoshin ƙarfe da suka fito daga ƙasashen Musulmi na gabas, na tsakanin ƙarni na 13 zuwa na 16. Wannan shaida ce ta fatauci mai nisa tun kafin a rubuta shi sosai. Akwai zanen shanu a duwatsun Birnin Kudu, da ganuwar Surame ta Kanta, da kufan Turunku da Kufena a ƙasar Zazzau.

Akwai ma wanda wataƙila yana cikin gidanku. Ɗan dutsen nan mai santsi da baki kamar na gatari, da ake kira gatarin aradu ana cewa tsawa ce ta jefo shi, gatari ne na gaske. Mutum ne ya wasa shi a kan wani dutse kafin a san ƙarfe. Ruwan sama ne ke wanke ƙasa ya fito da shi, shi ya sa ake tsintarsa bayan hadari.

Me ya sa kayanmu suke gidajen tarihin Turai?

Hanyoyin sun bambanta. Wasu ganimar yaƙi ce: a 1897 sojojin Ingila suka ci Birnin Benin, suka kori Oba Ovonramwen zuwa Kalaba, suka kwashe dubban kayan tagulla da hauren giwa. Wasu an fitar da su ƙarƙashin dokokin mulkin mallaka. Wasu kuwa mu muka haƙa muka sayar. Kayan Nok, da irinsu na Sakkwato da Katsina, da na Bura a Nijar, sun cika kasuwannin Turai a shekarun 1990 ta hannun dillalai da ke biyan ƙauyawa abin da bai taka kara ya karya ba.

An fara dawo da wasu. A 2022 Jamus ta miƙa wa Nijeriya mallakar kayan Benin sama da 1,100, Holan kuma ta dawo da 119 a 2025. Gidan tarihin Birtaniya, mai riƙe da kusan 900, yana fakewa da wata dokar 1963 da ta hana shi rabuwa da kayansa. Amma ko an dawo da mutum-mutumin da aka haƙa a sace, ramin da ya fito ba ya dawowa.

In na tono wani abu a gona ko wajen haƙa tushen gini, me zan yi?

Ka tsaya da haƙa a daidai wurin. Kada ka ciro shi in bai riga ya fito ba. Ka ɗauki hotonsa yadda yake kwance, ka ajiye wani abu a gefensa, ko biro ko takalmi, don a gane girmansa, ka kuma ɗauki wurin daga nesa yadda za a iya komawa. Ka rufe shi da buhu da 'yar ƙasa saboda rana da yara. Sannan ka sanar da mai unguwa ko dagaci, a kai magana gidan tarihi mafi kusa, kamar Gidan Makama a Kano ko na Kaduna ko Jos, ko sashen akiyoloji na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. A Nijeriya dokar 1979 da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ta hana tono ba izini, ta hana sayar wa duk wanda hukumar ba ta amince da shi ba, ta kuma hana fitar da irin waɗannan kaya waje ba izini. Nijar ma tana da dokarta. In ƙasusuwan mutum ne, a haɗa da 'yan sanda, domin sai an tabbatar tsoho ne.

Kuma don Allah kada a wanke. Wani dattijo ya taɓa kawo mini wata 'yar tukunya da ya tono wajen haƙa masai, a naɗe cikin tsumma, yana murna. Ya ce da ya same ta cike take da baƙar ƙasa da wasu 'yan ƙwayoyi kamar ƙonannen gero, sai ya zubar, ya sa jikarsa ta dirje ta da soso da sabulu don kada ya kawo wa malamai abu da datti. Na tambaye shi inda ya zubar da ƙasar. Ya ce ai tana cikin masan, an riga an ɗora dakali.